Wuni Ɗaya a Gaban Telen Baba

Ranar da na sauka Damagaram, kwana tara ke nan ba mu ji muryar autanmu ba. Soja ne, yana aiki wajen Tilaberi, can inda iyakokin Nijar da Mali da Burkina Faso suka haɗu. Ya saba kiran Baba duk bayan kwana biyu ko uku, ko da gaisuwar minti ɗaya ce. Sai kiran ya tsaya cak. In ka buga lambarsa, muryar matar nan ce ke amsa maka da Faransanci cewa ba a samunsa. Inna ta daina cin abincin kirki. Yayata ta kira ni a Yamai ta ce in da hali in zo, don tsohon ba ya cewa uffan, kuma shirunsa ya fi ba ta tsoro a kan kukan Inna.

Na roƙi hutun mako guda a wurin aiki, na hau kar tun kafin asuba. Muka kwashe kilomita wajen 900, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni da Maraɗi, ba mu isa ba sai dare. Ƙarshen watan Disamba ne na 2023, hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari. A hanya na tsara abin da zan yi in gari ya waye: zan nemi abokan karatuna da ke cikin soja, zan bi duk rukunan WhatsApp da nake ciki, zan je bariki in tambaya. Ko ɗaya ban yi ba a ranar farko. Baba ne ya zaunar da ni gaban tele tun safe har dare, kuma labarin wunin nan nake son in ba ku.

Baba mushen lakwal ne mai ritaya. Ya yi sama da shekara talatin yana riƙe da alli, gwamnati na cilla shi daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ya koyar a ƙasar Zabarmawa, ya koyar wajen Maine Sorowa cikin Barebari, kafin a dawo da shi gida. Yanzu yana ta rufe masa ido, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Shekara biyu da suka wuce na saya masa dikoda mai tashoshi fiye da ɗari, na kafa masa kwano bisa soro, ina jin na yi abin kai. Tun daga ranar bai taɓa gusawa daga Télé Sahel ba. Telekomand ɗin yana ƙarƙashin matashinsa, kuma maɓalli biyu kawai ya sani: na kunnawa da na ƙara murya.

Da muka dawo daga masallaci aka kawo koko da ƙosai, ya laluba ya kunna. Karatun Alƙur'ani ake yi. Ya saurara, leɓensa na motsi. Ni kuwa kaina na kan salula, yatsana na ta gogar gilashi. Ban san yana jin ƙarar saƙonnin da ke shigowa ba sai da ya ce, "Kai, ajiye abin nan. Tun da ka zo, yau kai ne idona. Abin da suka nuna, ka gaya mini." Na ce, "Baba, ai neman labarin auta nake." Ya ce, "Ni kuma me kake tsammani nake yi a nan?" Ban sami amsa ba. Na kife salular bisa tabarma, na gyara zama.

Shirin farko da na fassara masa da baki na kiwon lafiya ne. Wata ungozoma ce cikin farar riga, a wata likitar karkara, tana nuna wa mata yadda ake auna damtsen yaro da ɗan maɗauri mai launi uku: kore lafiya lau, ɗorawa a yi hattara, ja kuwa tamowa ta kama shi. Daga nan ta shiga bayanin kunun da ake haɗawa da gero da gyaɗa da wake. A Yamai da ko daƙiƙa biyar ba zan yi a kan irin wannan ba. Amma da yake dole in faɗi abin da nake gani, sai na fara gani. Na ce wa Baba ga wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha shida ba da goyo a bayanta, idonta a ƙasa. Ya ce, "Wannan da tana aji." Inna da ke wucewa da tsintsiya ta tsaya bakin ƙofa, ta ce gyaɗar da matar ta zuba ta yi yawa, yaro zai yi zawo. Shi ne karo na farko da na ji ta yi maganar da ba ta auta ba tun isowata.

Aka shiga shirin manoma. Garaken rani ne, ruwa na bin ƙananan hanyoyi tsakanin fangalai, wani dattijo da rawani yana riƙe da albasa yana bayani. Baba ya tambaye ni launinta. Na ce ja ce mai duhu, kamar ta haɗu da shuni. Ya ce to ƴar Galmi ce, wadda ake lodi zuwa Gana da Kodebuwa. Sai ya yi shiru, ya ce Allah kaɗai ya san yadda masu ita za su yi bana, iyakoki a rufe. Gaskiya ne, tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, hanyar Benin da ta Najeriya duk an toshe. Daga albasa ya gangara kan tattasan Difa da ake nomawa bakin Komadugu, ya gaya mini yadda ake shanya shi har ƙasa ta koma ja wur. Ni da ke da ido ina ba shi hoto, shi kuma yana ba ni abin da ke bayan hoton.

A nan ne na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: me ya sa bai taɓa leƙa sauran tashoshin da na biya kuɗinsu ba? Maimakon amsa sai ya ɗauko tarihi. Ya ce tele a Nijar ta aji ta fara shigowa, tun 1964, lokacin da aka gwada koyar da yara karatu ta allon gilashi. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 aka buɗe ta ga kowa da kowa. A zamanin Seyni Kountché gwamnati ta rarraba teloli masu aiki da hasken rana a ƙauyuka, a kafa a dandali ko a gidan samariya. A ƙauyen da yake koyarwa, makullin akwatin ƙarfen da ake kulle telen a hannunsa yake, don shi ne mushe. Ba kullum ake watsa shiri ba, kuma sai da yamma. Ranar da ake yi, tun la'asar yara ke share wuri.

"Gari guda, allo guda," in ji shi. Maigari a gaba bisa kujera, dattawa bisa buzu, mata daga gefe, yara a ƙasa har gindin akwatin. Ba mai cewa a canza, don babu inda za a canza zuwa. In ana labarai da Faransanci shi ke fassarawa. In aka sa waƙar Zabarmawa, Hausawa su jira. In aka sa wasan kwaikwayon su Yazi Dogo, wanda ba ya jin Hausa ya yi dariya da dariyar maƙwabcinsa. Ya ce akwai tsohuwar da ta fara ganin raƙuman Abzinawa da duwatsun Air a allon nan, ta tambaye shi ko wannan ma ƙasarmu ce. Da ya ce mata e, sai ta ce ashe ƙasar da faɗi. Ya yi ƴar dariya, ya ce, "Naka mai ɗari ɗin, kowa na shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa. Wannan kuwa tsakar gida ce."

Wajen sha ɗaya da rabi na saci kallon salula. Wani ya turo saƙon murya a rukunin ƴan unguwarmu, an rubuta a kansa cewa an yi ta turawa. Na fita zaure na saurara. Muryar wani ne da ban sani ba, yana haki, yana cewa an kai hari wani sansani, an kashe sojoji da yawa, a yi ta addu'a. Bai faɗi rana ba, bai faɗi sunan wurin sosai ba. Ƙafafuna suka yi sanyi. A ƙasa mutane sun fara jera Inna lillahi. Wani ya ce tsohon saƙo ne, tun bara ya ji shi. Wani ya ce ƙarya ne, sabo ne, ƙanin matar abokinsa na can. Na tsaya cikin zaure ina jin bugun zuciyata a kunne. Wanda ya san Inates, inda aka rasa soja 71 a Disamban 2019, da Cinagodar, inda aka rasa 89 bayan wata guda, ba zai ji irin wannan saƙo ya ce ba komai ba.

Na koma ɗaki na zauna ban ce komai ba. Baba ya ce, "Numfashinka ya canza. Sun kashe shi a salula ko?" Na ce wani saƙo ne marar tushe. Ya ce cikin kwana taran nan sau huɗu ana kashe masa ɗa a salular mutane, har wata maƙwabciya ta shigo da kuka. Ya ce, "Bari ƙarfe ɗaya ta yi."

Ƙarfe ɗaya aka buga kiɗan labarai. Ya ɗaga hannu alamar kada in yi magana, ya karkato da kunnensa. Mai gabatarwa ta yi gaisuwa, ta fara da baƙin da shugaban ƙasa ya gana da su. Baba ya sauke hannu, ya jingina da bango. Na ce, "Ai ba su ce komai ba." Ya ce sun ce. Shekara arba'in yana sauraren tashar nan, ya san tafiyarta kamar yadda makiyayi ya san tafiyar saniyarsa. Ranar da aka yi babban rashi, in ji shi, ba a farawa da ganawa. Sanarwa ake farawa da ita, muryar mai karatu ta yi nauyi, a ambaci zaman makoki da sassauto da tuta. In ka ji an fara da wane ya karɓi wane, an bi da taron ƙara wa juna sani, an bi da ministan da ya kai ziyara, to ranar ba a ɗauko gawa da yawa ba.

Na ce masa, da ɗan zafi, tashar gwamnati ce, abin da gwamnati ke so shi take faɗi. Ta yi wa Kountché, ta yi wa waɗanda suka biyo shi, masu kaki da masu babbar riga, kuma a allon nan ne sojoji suka fito da daren 26 ga Yuli suka ce sun karɓi mulki. Ya ce duk ya sani, ba yau aka haife shi ba. Ya san ba duka take faɗi ba, ya san takan makara, shi ya sa rediyonsa na nan yana kama BBC da Muryar Jamus da asuba. "Amma wanda ya yi magana a nan, na san sunansa, na san inda yake kwana. In ya ce an mutu, an mutu. Na cikin salularka fa, ɗan gidan wane ne?" Ban yarda da shi duka ba, har yau ma. Rashin faɗi shi ma yana cutarwa. Sai dai a wannan azahar ɗin, shirun tele ya fi mini sauƙin ɗauka a kan ihun mutumin da ba shi da suna.

Muna cikin haka kuran ya ɗauke. A watannin nan abin ya zama jiki, tun da Najeriya, inda mafi yawan wutarmu ke fitowa a lokacin, ta yanke layin a watan Agusta. Baba ko gezau. Ya ce in jawo batirin da ke bayan ƙofa, wanda ƙaramin pano ke cikawa daga bisa soro. Auta ne ya haɗa masa shi a hutunsa na ƙarshe, ya naɗe wayoyin da jan salatif da baƙi don kada a rikita. Na durƙusa ina haɗawa, na ga yadda ya lanƙwasa bakin wayar da kyau, irin aikin mai haƙuri. A nan ne hawaye suka zo mini, ba a zaure ba. Na gode Allah da Baba ba ya gani. Allon ya kawo haske, ya ce, "Yawwa. Yaron nan ya iya aiki."

Bayan azahar aka shiga labarai cikin harsunan ƙasa. Na Hausa na saurara da kyau. Da aka koma Zabarmanci na miƙa hannu zan rage murya, ya ce in bari. Yana jin Zabarmanci sarai, Barbarci kuma gwargwado. Fulatanci da Tamashek ba ya ji, amma ko su ba ya yarda a rage. Labarin ɗaya ne, wanda muka riga muka ji da Faransanci muka kuma ji da Hausa, hotunan ma su ne dai. Na gaji, na ce, "Baba, wannan fa maimaici ne." Ya ce, "Gare ka." Sai ya ce a daidai wannan lokaci akwai wani tsoho a Tera ko Walam da ɗansa ke soja a Difa, shi ma ya kasa kunne, kuma sai yanzu ne aka zo kan harshensa. Akwai wata Bafulatana da sai an gama da mu duka za a yi magana da ita. "Sun jira an gama namu. Don me ba za mu zauna a gama nasu ba?"

Maganar nan ta zauna mini. Tun da abin ya faru, ban taɓa tunanin kowa ba sai mu: autanmu, Innarmu, gidanmu. Salulata ma haka ta san ni, abin da na taɓa shi take ƙaro mini, tsorona take dafawa ta sake zubo mini. Na dubi mai karanta labarai da Tamashek, da rawaninsa har bisa hanci, ban fahimci kalma ɗaya ba in ban da sunayen garuruwa. Na gaya wa Baba kalar rawanin. Muka zauna har ya gama.

La'asar na yi gida ya fara cika. Lokacin kokowar ƙasa ne, a shekarar Agadas ke karɓar baƙi, kuma duk unguwar an san telen Baba ba ya mutuwa in kuran ya tafi. Muka fito da shi zaure, batiri da komai. Mai shagon kusa da mu ya zo da buta da gawayin shayi. Tela ya rufe shago ya zo da almajiransa biyu. Wani jandarma mai ritaya, Bazabarmen Doso da ya auri ƴar unguwar ya zauna nan, ya zo da kujerarsa. Yara suka cika ƙasa. Inna da yayata suka tsaya daga bayan labule. Na tuna ƙauyen da Baba ya ba ni labari da safe, na ga ashe bai bar shi ba, ɗauko shi ya yi ya kawo zaurensa.

Wanda bai san Nijar ba zai yi wuya ya gane abin da kokowa take a wurinmu. Tun 1975 da aka fara a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ake zagayawa da ita jiha jiha. Jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, ana kayar da su ɗaya bayan ɗaya har a bar mutum guda a tsaye. Kwana goman nan kasuwa kan yi sanyi da yamma, buro ya koma kufai, ɗan kabu-kabu ya jingine babur gaban mai shayi. Filin yashi, makaɗa na zuba kirari, ƙarti sun sha layu da guraye, ana sanar da kyautar wane jaka kaza, wane buhun shinkafa. Ranar, cikin ikon Allah, akwai karawar da ta haɗa wani ɗan Damagaram da ɗan Doso.

Aikina ya yi wuya a nan. Kafin in ce ya kama shi, an riga an kuɓuce. Ina cewa, "Sun sunkuya, Baba, suna taɓa kan juna, namu ya kai hannu ƙafa, a'a, ya janye." Ya ce in yi shiru, ganga da ihun fili sun fi ni sauri. Jandarman na ta tsokana, wai Damagarawa sai baki, in an zo ƙasa sai su nemi inuwa. Baba ya ce masa ya bari a gama kafin ya biya kuɗin shayi. Minti ya yi minti, alƙali na zagaye su. Sai ɗan Doso ya shammaci namu, ya sa masa ƙafa, ƙura ta tashi. Zauren ya yi tsit, in ban da jandarman da ya miƙe yana rawa da tsufansa, hula a hannu. Baba ya yi dariya har da tari. Daga bayan labule na ji Inna na cewa, "Kai, wannan yaro, ai da ka riƙe ƙugu!"

Da aka lafa, jandarman ya matso kusa da Baba, ya rage murya. Ya ce shi ma ya yi aiki a daji, ya san yadda abin yake: in an fita sintiri akan karɓe salula ko a hana kunnawa, wani wurin kuma an lalata eriyar sadarwa, sai a yi mako biyu ba a sami layi ba. Ya ce labarin rashi ba ya kwana, da wani abu ya faru da tuni an aiko. Baba ya ce, "Allah ya sa." Ya riƙe hannun mutumin ya daɗe bai saki ba. Minti biyar da suka wuce jiharsa ta kayar da tamu.

Bayan magariba aka mai da tele ɗaki. Ƴar yayata, mai shekara goma sha biyu, ta zo tana lallaɓar kakanta ya ba ta telekomand ta kalli fim ɗin Indiya a wata tasha. Ya ce amarya ta yi haƙuri, mijin nata tsoho ne mai rowa. Ta zumɓura baki ta zauna. Ana ta sanarwoyi: neman ƴan kwangila, sakamakon jarrabawar ɗaukar aiki, godiyar iyalan wani mamaci ga waɗanda suka zo gaisuwa. Tsakanin shiri da shiri aka sa yara ƴan lakwal suna rera taken ƙasa, sabon da aka sauya a watan Yunin shekarar. Yarinyar ta bi su tiryan-tiryan. Baba, da ya koya wa dubban yara tsohon taken, ya ce ta sake masa baiti na farko a hankali. Ta manta da Indiya, ta zama mushe, tana gyara masa yana maimaitawa.

Ƙarfe takwas da rabi, babban labaran dare. Wannan karon ba Baba kaɗai ya kasa kunne ba. Inna ta shigo ta zauna bakin gado, abin da ba ta saba yi ba, carbi a hannu. Yayata ta tsaya a ƙofa. Kiɗan ya tashi, na ji cikina ya ɗaure. Mai gabatarwa ya yi sallama. Na sami kaina ina sauraren nauyin muryarsa kafin kalmominsa, yadda aka koya mini da rana. Ya fara da fadar shugaban ƙasa. Aka bi da wani taro, aka bi da Agadas da sakamakon kokowa, aka sake nuna faɗuwar ɗanmu har sau biyu, ta biyun a hankali. Ba sanarwa, ba makoki. Da aka zo hasashen yanayi, mai bayani na nuna ƙura bisa taswira, Inna ta tashi ta ce bari ta ɗumama tuwo. Ta ci, kaɗan, amma ta ci.

Baba ya kashe tele da kansa, ya mai da telekomand ƙarƙashin matashi. Ya ce, "Yau ta wuce. Gobe kuma mu ji." Na kwanta a zaure ina lissafin abin da na gani tun safe: ungozoma, albasa, ministoci, harsuna biyar, ƙarti cikin yashi, yara masu waƙa. Ba wanda na zaɓa a ciki. Da ni ke riƙe da telekomand da na tsallake kusan duka, in nemi abin da zai yi magana a kan ciwona kaɗai, kuma da na kwana da ciwon ya ninka.

Auta ya kira a rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, da lambar wani abokin aikinsa. Suna daji ne, babu layi. Inna ta karɓa ta kasa magana, sai hamdala. Da aka miƙa wa Baba, bayan gaisuwa, abin da yaron ya fara tambaya shi ne ko Damagaram na da sauran mutum a tsaye. Ya ce su ma can, ranar da suka dawo sansani, sun taru gaban tele guda, Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Tubu, kowa na yi wa jiharsa ihu. A ƙarshen makon Issaka Issaka na Doso ya sake ɗaukar takobi, jandarman ya saya wa zauren goro.

Na san akwai gidajen da irin wannan kira bai zo musu ba, kuma ba zai zo ba. Su ma sun zauna gaban allon nan, sun kasa kunne ga muryar mai labarai, wata rana kuma aka fara da sanarwa. Ban san sunayensu ba, ban jin harshen wasunsu. Amma tun daga wunin nan, in na dawo daga aiki a Yamai na tarar ana labarai da Fulatanci ko Gurmanci, nakan bar shi ya ƙare kafin in canza. Matata ta tambaye ni ko na fara koyon harshen ne. Na ce a'a, ana magana da wasu ne, ina jira a gama.

An yi wa Baba aikin ido bayan ƙaramar salla, ɗaya ya buɗe. Na kira shi na ce yanzu sai ya more tashoshinsa ɗari. Ya ce ya leƙa su, ya ga masu ƙwallo da masu rawa, ya dawo gida. Abin da ya ba shi mamaki kawai, in ji shi, mai karanta labaran Hausa da ya daɗe yana ji, ashe ya yi furfura.

Allah ya tsare na daji, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyayensu haƙuri. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.